Azumi, hijabi da zuwa coci: me ke haɗa yaran zango da makarantun mishan?

Tun da ƙarar da aka kai makarantar 'yan mata ta Wesley Girls da ke Cape Coast a Ghana ta dawo bakin jama'a a ƙarshen 2025, zancen bai bar majalisun hira a unguwannin Aboabo da Asawase da Tafo na Kumasi ba. Wani lauya ne ya shigar da ƙarar a Kotun Ƙoli a watan Disamban 2024, yana zargin makarantar da hana ɗalibai Musulmi sallah da azumi, da kuma tilasta musu zama a ibadar cocin Methodist. A Nuwamban 2025 kotun ta ba hukumar makarantar kwana 14 ta kare kanta. Daga nan gidajen rediyo da shafukan Facebook suka ɗauka, kowa da irin fassarar da yake yi.

Abin da ya rikita iyaye shi ne an cakuɗa tambayoyin da ba iri ɗaya ba. Wa ke da makarantar? Me doka ta ba ɗalibin da ke cikinta? Waɗannan kotu na iya yanke su. Sai kuma wadda ba ta hannun alƙali: wace irin tarbiyyar addini ce ke sa yaro Musulmi ya kwana ɗaki ɗaya da Kirista shekara uku, ya fito bai saki addininsa ba, bai kuma fito da ƙiyayya ba?

## Ta coci ce ko ta gwamnati?

Yawancin tsofaffin makarantun sakandare masu suna a Ghana coci ne ya kafa su, ko aka kafa su da hannunsa. Wesley Girls ta cocin Methodist ta samo asali tun 1836. A Kumasi, Prempeh College da aka buɗe a 1949 tana da alaƙa da cocin Methodist da na Presbyterian, Opoku Ware da St. Louis kuma na Katolika ne tun 1952. Turawan mulkin mallaka ba su gina makarantu da yawa da kansu ba. Dokar ilimi ta 1887 ta ba su hanyar tallafa wa makarantun mishan da kuɗin gwamnati, su bar wa mishan ragamar gudanarwa.

A zamanin Kwame Nkrumah gwamnati ta ƙara shiga ciki, da shirin faɗaɗa ilimi na 1951 da dokar ilimi ta 1961, wadda ta hana a ƙi karɓar yaro a makaranta saboda addininsa ko na iyayensa. Amma ba a raba coci da makarantunsa kwata-kwata ba. Abin da aka samu shi ne makaranta mai iyayen gida biyu: coci na da suna da tarihi da al'adar gidan, galibi har da filin, gwamnati kuma ke biyan albashin malamai, ta tsara manhaja, ta hannun hukumar ilimi ta GES.

Sauye-sauye biyu sun ƙara wa wannan zama nauyi. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗaliban da suka gama BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, zuwa babbar sakandare, bisa makinsu da jerin makarantun da suka zaɓa. Tun Satumban 2017 kuma sakandare kyauta ce, har da abinci da wurin kwana. Yarinyar Sabon Zango da a da kuɗin makarantar kwana zai hana ta shiga St. Louis, yau makinta kaɗai na iya kai ta. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71.3 cikin ɗari na 'yan ƙasa Kirista ne, kashi 19.9 Musulmi. Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar Musulmi ne, kuma manyan makarantunta na kwana ke ƙarƙashin coci, dole wata rana a yi karo a kan ƙararrawar sahur da ta zuwa coci.

## Yadda zango ya shigo boko a makare

Musulmi ba baƙi ba ne a Kumasi. Baturen Ingila Thomas Bowdich da ya zo a 1817 ya tarar da malamai a kusa da fadar Asantehene, sarkin Ashanti, suna rubuta wasiƙu da Larabci suna kuma yin layu. Fataken goro Hausawa sun daɗe suna hulɗa da Tonawa, wato mutanen Ashanti, ta kasuwar Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawa Kumasi, zanguna suka cika. Kowane zango ya zo da makarantar allonsa.

Da boko ya zo a hannun mishan, yawancin iyaye a zango sun ƙi kai 'ya'yansu. Tsoron nasu yana da tushe, domin makarantar mishan ta wancan zamani hanya ce ta wa'azi, kuma an ga yaran da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani. Sai dai kuɗin wannan kariya ya yi tsada: an daɗe ana rabon aikin gwamnati ba da zango ba.

Ahmadiyya, da suka kafu a Saltpond a 1921, su ne suka fara haɗa boko da karatun addini da gaske, suka buɗe sakandaren T.I. Ahmadiyya a Kumasi a 1950. Malaman zango da yawa ba su sake jiki da su ba saboda saɓanin aƙida. Ƙungiyar Ghana Muslim Mission, wadda aka kafa a 1957, ta bi sahu, kuma ita ce ta samar da sakandaren Musulunci da ke Abrepo. Babban sauyin ya zo a 1987, lokacin gwamnatin Rawlings, da aka buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES. Cinikin mai sauƙi ne: mai makaranta ya karɓi manhajar gwamnati da malamanta, gwamnati ta bar masa lokacin Larabci da Alƙur'ani da fiƙihu. Haka aka samu makarantun Turanci da Larabci da suka cika unguwanninmu, wasunsu har suka kai sakandare, irin su Sakafia da Azhariyya.

Akwai abin da wannan ciniki ya haifar wanda ba a cika ambatonsa ba. Malaman lissafi da kimiyya da GES ke turowa makarantun Musulunci, da yawansu Kirista ne. A unguwannin da aka gauraya, akwai yaran Kirista a azuzuwan, T.I. Ahmadiyya ma ta yi suna da yawan ɗaliban da ba Musulmi ba. Ke nan makarantar Musulunci da ke cin kuɗin gwamnati ita ma mai iyayen gida biyu ce, kuma duk ƙa'idar da kotu ko gwamnati ta ɗora wa makarantar coci za ta hau kanta.

## Mene ne matsakaicin ra'ayi?

Malamai na kiran sa wasaɗiyya, daga aya ta 143 a Suratul Baƙara, inda aka siffanta Musulmi da al'umma matsakaiciya. A littattafan malamai ma'anarsa tsayawa tsakanin wuce iyaka da sakaci. Mai wuce iyaka shi ne wanda ke kafirta ɗan'uwansa kan saɓanin da magabata ma sun yi, ko yake ganin gaisawa da maƙwabci Kirista laifi ne. Mai sakaci shi ne wanda ke barin farilla don kada a ce ya cika tsanani.

Nan ne ake samun rashin fahimta tsakanin hukumar makaranta da iyaye. A bakin wasu shugabannin makarantu, ɗalibi mai sauƙin kai shi ne wanda ba ya neman wurin sallah, ba ya tambayar abin da aka dafa, yana rera waƙar coci tare da kowa. A wurin malamin da ya karantar da yaron a zango, wannan sakaci ne. A wani gefen kuma akwai iyayen da ke ganin ko tsayuwa shiru a taron safe yayin da ake addu'ar Kirista rangwame ne a aƙida. Karatun da malaman wasaɗiyya ke kafa hujja da shi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Suna kawo hijirar sahabbai zuwa Habasha, inda suka zauna ƙarƙashin sarki Kirista, suka girmama shi, amma da aka tambaye su matsayin Annabi Isa suka faɗi abin da suka yi imani da shi ba tare da kwana-kwana ba. Suna kawo aya ta 8 a Suratul Mumtahana da ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ka ba, da ayar da ta ce babu tilas a addini.

Misalin da 'yan Ghana suka fi sani shi ne ziyarar Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, zuwa cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, a shekarar da ya cika ɗari. Da yawa sun yaba, wasu Musulmi kuma sun soki abin, har ofishinsa ya bayyana cewa ziyarar zumunci ce, ba ibada ba. Wannan bambanci tsakanin halarta da ibada shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai a makarantun kwana, da ƙari ɗaya mai muhimmanci: limamin da kansa ya zaɓi zuwa, ɗalibi kuwa ƙararrawa ce ke kai shi.

Wasaɗiyya tana da fuska ta biyu da ta shafi cikin gida. Rigingimun addini mafi zafi da zanguna suka gani a shekarun 1990, a garuruwa irin su Wenchi da Kumasi, tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna aka yi su, kan limanci da masallaci da wa'azin gugar zana. Yaron da aka koya masa tun yana ƙarami cewa bin sallar wancan malamin bai halatta ba, da wuya a ce masa daga baya ya ga mutuncin ɗan coci. A sakandaren gwamnati kuwa, ɗan Tijjaniyya da ɗan Ahlussunna da ɗan Shi'a da ɗan Ahmadiyya sukan tarar aji ɗaya aka ba su su yi sallah, su kuma zaɓi liman a tsakaninsu. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA ta daɗe tana wannan aiki, kuma ga yara da yawa nan ne karo na farko da suke sahu ɗaya da wanda ba ɗan masallacinsu ba.

## Abin da ake koyarwa, da wanda ke koyarwa

A firamare da ƙaramar sakandare kowane yaro na ɗaukar darasin addini da tarbiyya, RME, wanda ya ƙunshi Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya, ana kuma rubuta shi a BECE. An taɓa cire shi a garambawul ɗin 2007, shugabannin addinai suka yi ca, gwamnatin Kufuor ta mayar da shi. A babbar sakandare kuwa darasin ya rabu: mai so ya ɗauki ilimin addinin Musulunci ko na Kirista, kuma ba kowace makaranta ke da malamin na Musulunci ba. A 2024 Larabci ya shiga jerin darussan BECE a karon farko.

A takarda tsarin yana da kyau. Rauninsa yana wurin malami. Malamin RME mutum ɗaya ne da ke da addini ɗaya, an ce ya koyar da uku. Idan bai san Musulunci ba, zai tsaya a kan haddar shika-shikai biyar da sunayen bukukuwa. Idan Musulmi ne da bai san Kiristanci ba, haka zai yi wa ɗaya ɓangaren. Addinin gargajiya kuwa shi ya fi shan wulaƙanci a hannun duka biyun, a garin da ake bikin gargajiya na Akwasidae a fadar Asantehene ta Manhyia duk bayan mako shida.

Malaman Larabci matsalarsu daban ce. Da yawa sun yi karatu mai zurfi a zaure, ko a Masar da Saudiyya da sauransu, amma ba su da takardar koyarwa da GES ke ɗaukar ma'aikaci da ita. Wasu kan dogara da ɗan abin da mai makaranta ya ba su, wasu da alawus ɗin shirye-shiryen gwamnati na wucin gadi da kan tsaya in mulki ya sauya. Kwalejin horar da malamai ta Al-Faruq da ke Wenchi da ta Nusrat Jahan da ke Wa suna rage giɓin, amma ba su isa ƙasa baki ɗaya ba. Wannan ya shafi zancen kai tsaye: malamin da ba a horar da shi ba, ba a biyan sa, ba a kuma duba abin da yake koyarwa, fahimtar da ya taso da ita kawai zai zuba wa yara, mai faɗi ce ko mai ƙunci.

## Hujjar kowane ɓangare

Cocin Methodist da taron bishop-bishop na Katolika da majalisar Kiristoci ta ƙasa suna cewa su suka gina makarantun tun kafin a sami ƙasar Ghana, kuma tarbiyyar da ta sa kowa ke rububin su daga tsarin addinin gidan ta fito. Tallafin gwamnati haɗin gwiwa ne, bai mayar da makarantar mallakin gwamnati ba. Iyaye sun san irin makarantar kafin su zaɓa. Suna kuma tsoron cewa in aka buɗe ƙofa, kowace ƙungiya za ta zo da buƙatarta har tsarin kwana da cin abinci ya wargaje. A rikicin 2021, lokacin da Wesley Girls ta hana wata ɗaliba Musulma azumi, hujjarta ita ce dokar hana azumi ta shafi kowace ɗaliba ko da Kirista ce, kuma saboda lafiya aka kafa ta. Da GES ta ba da umarnin a bar yara su yi azumi in iyaye sun rubuto sun ɗauke wa makaranta alhakin lafiyarsu, cocin ya fito fili ya ƙi. A shari'ar da ke Kotun Ƙoli ma, ofishin Antoni Janar ya tsaya kan cewa makarantar na da 'yancin riƙe tsarinta na Methodist.

Masu ƙara da shugabannin Musulmi suna dogara da kundin tsarin mulki na 1992. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, na 17 ya hana nuna bambanci saboda addini, na 28 kuma ya hana a tauye wa yaro ilimi saboda abin da ya yi imani da shi. Harajin Musulmi na cikin albashin malaman. Batun zaɓi kuma, a ganinsu, bai cika zaɓi ba, tunda makarantun sahun gaba kaɗan ne, yawancinsu na mishan, kuma kwamfuta na iya kai yaro inda bai sa a gaba ba. Suna kuma cewa dokar da ta hana kowa azumi ba ta auna kowa daidai, domin ga wani nafila aka hana shi, ga wani farilla. Suna kawo hukuncin Babbar Kotun Accra na Mayun 2021, da ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗaliban Rasta da gashinsu. Sai dai Achimota ta gwamnati ce zalla, don haka hukuncin bai taɓa tambayar mallakar coci ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu kare makarantun mishan sukan nuna cewa a wasu makarantun Musulunci ana sa 'yan mata Kirista yafa mayafi a matsayin kayan makaranta, suna tambaya ko akwai ɗakin da aka ware musu na addu'a. Tambaya ce da ta cancanci amsa daga masu makarantun zango. Haka nan hujjar lafiya da aka kawo kan azumi tana da wuyar tsayawa, tunda akwai makarantun kwana da yawa, har da na mishan, da suka daɗe suna ajiye wa masu azumi abincinsu ba tare da tsari ya lalace ba.

## Yarjejeniyar 2024

Zancen bai fara a 2021 ba. A 2015 Musulmi sun yi zanga-zanga a Sekondi-Takoradi kan hijabi da tilasta zuwa coci, gwamnati ta gargaɗi shugabannin makarantu, bishop-bishop suka mayar da martani, aka miƙa maganar ga Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2011. Bayan rikicin 2021 majalisar ta tara manajojin sassan ilimi na coci-coci da na Musulmi, har aka cimma yarjejeniyar fahimtar juna a Afrilun 2024.

Yarjejeniyar ta yarda ɗalibi ya yi azumi, bisa sharaɗin iyaye su nemi izini tun kafin watan ya kama, a kuma yi wa yaron nasiha kan lafiyarsa. Ta yarda da ba ɗalibai damar ibadarsu, amma ba ta wajabta wa makaranta gina masallaci ko coci ba. A kan sutura ta ce a girmama kayan makarantar da aka tsara, a kuma sanar da iyaye dokokin tun farko. Ke nan ta fi ƙarfi a kan azumi, ta yi sassauci a kan wurin sallah, ta bar hijabi kusan yadda ta same shi. Kuma yarjejeniya ce, ba dokar majalisa ba: aiwatar da ita ya rataya a wuyan hedimasta da hukumar kowace makaranta.

## Abin da zai taɓa iyaye da ɗalibai

Idan hukunci ko doka ta rinjayar da 'yancin ɗalibi, makarantun mishan za su sake jadawalin kwana da na ɗakin cin abinci, makarantun Musulunci kuma za su sake duba mayafin dole da halartar darasin addini ga yaran Kirista. Ana iya sa ran coci-coci su ƙara matsa kiran da suka daɗe suna yi na a mayar musu da cikakken ikon makarantunsu, wanda in ya tabbata zai iya dawo da kuɗin makaranta ko tace ɗalibai. Idan kuma aka rinjayar da ikon mai makaranta, iyayen zango da yawa za su karkata ga sakandaren Musulunci da na jeka-ka-dawo. Waɗannan ba su da yawa, kayan aikinsu bai kai na tsofaffin makarantu ba, kuma 'yan mata ne za su fi jin abin, domin uba ya fi saurin cire 'yarsa daga makarantar kwana a kan ɗankwali fiye da cire ɗansa a kan sallar Juma'a. Rarrabuwar yara bisa addini kuma na rage wurin da ɗan zangon Asawase da ɗan Bantama, unguwar 'yan gari, ke sanin juna. Rikicin Tafo na Fabrairun 2016, da ya kai ga dokar hana fita, kan filin maƙabarta aka yi shi, amma nan da nan ya ɗauki kamannin zango da 'yan gari.

A halin yanzu, abin da ke hannun iyaye ya fi yawa a lokacin cike takardar zaɓen makaranta, kafin sakamakon BECE ya fito. A nan ne ya kamata a tambayi dokar makarantar kan sallah da sutura, a ji ko akwai reshen GMSA da malamin da ke kula da shi, a kuma tambayi tsofaffin ɗalibai yadda ake yi da Ramadan. Wanda ɗansa ya riga ya shiga, wasiƙar neman izinin azumi ana kai ta ne kafin watan, a riƙe kwafi. In aka samu matsala, ana farawa da malamin ɗakin kwana da hedimasta, sannan manajan sashen ilimin Musulunci na yankin Ashanti ko ofishin GES, sannan reshen Majalisar Zaman Lafiya da ke Kumasi ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda ke karɓar koke kyauta.